Littafin Sugan Inna

Ni na ƙwace na'urar daga hannun ƙanwata. Da wannan ya kamata in fara, don kada wani ya ɗauka ɗora mini aikin aka yi.

Shekarar da aka gano Inna tana da ciwon suga, likitan da ya gan ta a Birnin Kudu ya ce mu sayi 'yar na'urar gwaji, a riƙa tsira mata yatsa da safe kafin ta ci komai, sau biyu a mako, a rubuta lambar da ta fito a littafi, a zo da littafin duk ranar dawowa asibiti. Ƙanwata tana aure a ƙauyenmu, can yankin Dingaya ta ƙasar Gwaram, zana ɗaya ce tsakanin gidan mijinta da na Inna. Ta ce a bar mata na'urar tunda ita ke kusa. Na dube ta sheƙeƙe na ce wannan ba awon gero ba ne, lamba ce mai ɗigo, wanda bai iya karanta ta ba sai ya kashe mutum. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a Birnin Kudu, a lokacin kuwa ji nake duk ƙauyen babu mai kai sai ni. Na jefa na'urar a jakata, na yi alkawarin zan riƙa zuwa duk Juma'a da yamma, in gwada Asabar da Lahadi, in koma bakin aikina.

Wata biyu na yi ina cika alkawari. Daga nan damina ta sauka, hanya ta lalace, babur ɗina ya fara rigima, jarrabawar yara ta zo, tsinken gwajin ya ƙare ban sayi wani ba. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma babu ɗaya a ciki da ya isa dalili. Na fasa mako ɗaya, ba abin da ya faru. Na fasa na biyu.

Babu mai tambayata kuwa. Mu Fulani ne da suka daɗe da zama, Fulatancin ma ya tafi da kakanninmu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram, ni ne kuma ɗan farin. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na fara koyarwa take ce mini Malam, shi ma sai ta kama dole. In tana da magana da ni, ƙanwata take faɗa wa, ina zaune ina ji. Mace irin wannan ba za ta aiko a tambaye ni me ya hana ni zuwa ba, kuma na san haka sarai.

Ranar komawa asibiti ta farko bayan na daina zuwa, na buɗe littafin na ga shafi da rabi babu komai. Duk malamin makaranta ya san abin da ake yi in aka ce masu duba makarantu suna tafe gobe alhali rajista ba ta cika ba. Na bar Inna a layi, na fita wurin mai shayi a bakin ƙofar asibiti, na ɗora littafin a gwiwa na cike shi. Ban yi aikin sakarci ba, don na san lamba. Ban jera su iri ɗaya ba: yau shida da ɗigo huɗu, gobe bakwai da ɗigo ɗaya, bayan Sallah in ɗaga ta zuwa tara don a ga ta ci abin marmari kamar kowa. Biro biyu nake amfani da su, shuɗi da baƙi, wani lokaci in ari jan mai shayin. Har soke lamba nake yi in gyara a gefe, don littafin gaskiya ba ya rasa kuskure.

Da yake a asibitin ma suna gwada ta ranar, sai na ɓullo da wata dabarar. In saura mako guda a koma asibiti sai in buga wa ƙanwata waya in kafa mata doka: a hana Inna fura, a rage mata tuwo, a tabbatar ta sha ƙwayoyinta safe da yamma. Ranar gwaji lambar takan fito da ɗan dama-dama. In ta ɗan haura, in ce wahalar hanya ce.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yabo. Akwai wata nas, babbar mace mai faɗa, da take karɓar littattafan kafin a shiga wurin likita. Ta ɗaga nawa sama a gaban jama'a ta ce ga yadda ɗa na gari yake yi, kowa ya yi koyi da Malam. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka tawali'u ne. Wannan nas ɗin tana da wata al'ada, takan kama hannun mara lafiya ta duba kan yatsunsa. Ranar nan ta kama na wani tsoho, ta ga sumul babu alamar tsira ko ɗaya, ta juya kan ɗansa ta wanke shi tas, har da cewa in ya gaji da ubansa ya faɗa. Da ta zo kanmu sai aka kira ta a ciki, muka wuce ba ta duba ba. Na yi hamdala a zuci. Inna tana gefena a kan benci, a idonta aka yi komai.

Zuwan da ya biyo baya nas ɗin ta kama hannun Inna, ta duba, ta gyaɗa kai, ta saki. Na ɗauka tsohon tabo ne ta gani, ko kaushin aiki. Ban kalli hannun ba. Gaskiyar magana, a shekarun nan ban cika son kallon hannun Inna ba.

Haka muka yi kusan shekara biyu. A tsakani likita ya duba littafin, ya ji daɗi, ya rage mata ƙwaya ɗaya daga cikin biyun da take sha. Ina zaune aka yi, har godiya na yi masa. A tsakanin ne kuma ɗan yatsanta na tsakiya a hannun hagu ya yi karkare, ya kumbura ya yi ruwa, ya ƙi warkewa wata da watanni, farcen ya fita, yatsan ya ɗan lanƙwashe. Na zo na tarar, na hau faɗa. Na ce mai ciwon suga ba ta wasa da ƙaya da itace, na ce sakaci ne, na haɗa da ƙanwata na ce tana kusa amma ba ta da amfani. Na yi faɗan nan sosai, don in mutum ya san shi ke da laifi muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Daga baya ciwon zuciya ya kama Inna, bai kuma zo da zafi ba. Ƙanwata ce ta lura Inna tana tsayawa sau biyu tsakanin ɗaki da rijiya, tana haki, gumi yana keto mata ko da sanyin safiya. In an tambaye ta sai ta ce ƙirjinta ne ya ɗan yi nauyi. A Birnin Kudu aka yi mata gwajin zuciya aka tura mu Kano, daga Kano aka ce aikin sai wani asibitin zuciya a Abuja. Yadda dangi suka haɗa ƙarfi muka isa can labari ne daban. Mu uku muka tafi, ni da Inna da ƙanwata, littafin yana jakata, har na yi masa sabon bango.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta wuce sa'ata ba, Hausa a bakinta radau. Ranar farko suka ɗebi jini, suka kuma yi abin da ta kira hoton jijiyoyi: suka zura siririn bututu ta wuyan hannun Inna har zuciya, suka tura wani ruwa da ke sa jijiyoyin su fito a hoto. Washegari da hantsi ta kira mu ofis, ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Jijiyoyin sun fito baƙi-baƙi kamar saiwar bishiya, ɗaya ta tsuke a tsakiya. Ta ce nan za a saka 'yar ragar ƙarfe, a buɗe ta ta tokare bangon jijiyar don jini ya samu hanya.

Ta ce amma wannan hoton inuwa ce kawai, daga waje. Ga mai ciwon suga inuwar takan yi yaudara, domin ciwon ba wuri ɗaya yake tarawa ba, yakan bi jijiyar ne gaba ɗaya ya rage mata faɗi, sai wurin da ake gani kamar lafiyayye ya zama shi ma ya cinye. Wanda ya auna ragar da wannan inuwar zai iya saka ƙarama, ko gajeriya, ko ya dasa bakinta a kan ciwo. Saboda haka za ta zura wata 'yar na'ura a kan waya mai sirantar zare, irin sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki, sai dai wannan daga cikin jijiyar take ɗauko hoto. Da ita za ta san ainihin faɗin da tsawon, bayan an saka ragar kuma ta sake leƙawa ta ga ko ta zauna daidai. Na riƙa gyaɗa kai, har ina fassara wa ƙanwata Hausar da ta riga ta ji.

Sai ta ɗauko littafina ta ajiye a tebur, ta ɗora wata takarda a gefensa. Ta ce akwai gwajin jini da ke nuna yadda suga ya kasance a watanni ukun da suka wuce, ba na safiya ɗaya ba, kuma na Inna ya yi sama ƙwarai. Takardar da littafin ba su yarda da juna ba. Ta dube ni ta ce wataƙila na'urarmu ce ta lalace, yakan faru.

Ƙofa ta buɗe mini, ni kuwa na bi ta da gudu. Na ce lallai, ni ma na daɗe ina zargin na'urar nan.

Ta ce to. Sannan ta kawo maganar da ta fi damunta. Bayan an saka ragar akwai ƙwayoyi biyu masu hana jini daskarewa da Inna za ta riƙa sha kullum, wata da watanni, ba fashi. In aka yi sakaci da su jini zai iya daskarewa a cikin ragar ya toshe ta lokaci guda, wannan kuwa ana mutuwa. Ta ce ba ta son saka doguwar raga a ƙirjin wanda ba ta san mai kula da maganinsa ba. Amma tunda ga mai wannan littafi, wanda bai yi fashin mako ɗaya ba a shekara biyu, hankalinta ya kwanta. Ta tambaya ko ni ne zan riƙe maganin.

Kafin in samo abin faɗa, Inna ta fiddo hannunta daga cikin mayafi ta shimfiɗa a kan tebur, tafin yana sama.

"Yana zuwa, likita," in ji ta. "Duba ki gani."

Tun da nake ban taɓa jin Inna ta tsaya mini a gaban mutane ba, sai ranar. Na kalli hannun. Kan yatsun duk ɗigo-ɗigon tsira ne, wasu sun yi baƙi sun tsufa, wasu sababbi, ba su wuce kwana uku ba. Ni kuwa rabon da in tsira mata yatsa an kusa shekara biyu, na'urar ma tana cikin durowata a Birnin Kudu, batirinta ya mutu.

Da muka fito aka mayar da Inna gadonta, na ja ƙanwata zuwa baranda na tambaye ta wa ke gwada Inna. Ta ce ba kowa. Na matsa mata, ta dube ni irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba.

"Ƙayar aduwa ce, Yaya. Tun ranar da nas ta zagi ɗan wancan tsohon. Duk in ranar asibiti ta kusa sai ta tsinko ta zauna bayan ɗaki. Ta ce kada a tozarta ka cikin mutane." Sannan ta ƙara da cewa, "Karkaren da ka zo ka yi mana faɗa a kai, daga nan ya samo."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye riƙe da ƙarfen barandar ba. Na sha jin kunya a rayuwata, ta rashin kuɗi, ta faɗuwa jarrabawa, ta a kama ka da ƙarya ƙarama. Wannan daban ce. Na ji ƙyamar kaina, da rigata mai guga, da birona biyu a aljihu. Ni ina wurin mai shayi ina zana lambobi, ita tana bayan ɗaki tana yi mini shaida da jininta, mai ciwon suga, wadda ƙwarzane kaɗan zai iya cinye mata yatsa. Kuma duk tsawon lokacin nan tana kallona ina karɓar yabo.

Ko a nan ɗin ma sai da zuciyata ta raya mini in yi shiru, in gyara halina daga yau, ba wanda zai sani. Abin da ya hana ni shi ne na san kaina. Na taɓa yin alkawari irin wannan da zuciya ɗaya, ya yi wata biyu. Wancan karon ƙwaya ɗaya aka rage mata da yatsa ɗaya. Wannan karon in na fasa mako guda, gawa za a ɗauka.

Na koma na ƙwanƙwasa ofishin likitar. Ban zauna ba. Na ce mata na'urar lafiyarta ƙalau, ni na rubuta lambobin da kaina, daga shafi na huɗu zuwa ƙarshe babu ta gaskiya ko ɗaya, kuma a kan su aka rage wa Inna magani. Na faɗa mata ta ƙayar ma. Na so ta zage ni kamar nas ɗin nan, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta rufe littafin ta tura mini, ta ce ta yi zargin haka, don lalatacciyar na'ura ba ta san ranar Sallah ba. Sannan ta tambaya wa ke kwana kusa da Inna. Na ce ƙanwata. Ta ce in kira ta, ni kuma in jira a waje.

Rabin awa suka yi. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba ina jin ƙanwata tana maimaita sunayen ƙwayoyin da lokutansu, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Washegari da safe aka yi aikin, Inna idonta biyu, wuyan hannun kawai aka kashe mata. Da aka gama likitar ta kira mu ta nuna mana abin da 'yar na'urar nan ta cikin jijiya ta gani. Hoton zobe ne fari-fari, da ɗan baƙin rami a tsakiya inda jini ke bi. Ta riƙa matsar da shi gaba kaɗan-kaɗan. Wurin da jiya muka gani a inuwa kamar lafiyayye, a ciki bangonsa ya yi kauri, wani gefen ya yi tauri kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ta ce jijiyar ta fi yadda inuwar ta nuna faɗi, ciwon kuma ya fi tsawo, don haka ragar da ta saka ta fi wadda da za ta zaɓa girma da tsawo. Bayan ta saka, hoton waje ya nuna komai ya yi kyau, amma da ta sake leƙawa ciki sai ta ga wuri guda ragar ba ta gama buɗewa ba, ƙanzon ya tokare ta. Ta koma ta ƙara buɗa ta har ta kwanta a bango. Ta ce da hoton waje kaɗai ta bi, da ta fito ta ce mana an gama.

Na tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko shekara biyun nan ne suka jawo wannan. Ta ce irin wannan tauri ya girmi shekara biyu, amma ba za ta ce mini ba su ƙara komai ba. Ban sake tambaya ba.

Yanzu magani yana hannun ƙanwata, a cikin wani gwangwani da take ratayewa a ƙusa inda yara ba sa kai wa. Na'urar ma tana wurinta, da sabon littafi. Rubutunta a karkace yake, biro ɗaya ne, lambobin kuma ba su da kyan gani, wata rana goma sha ɗaya, wata rana takwas. Likitan Birnin Kudu ya mayar da ƙwayar da ya rage, ya ƙara wata. Ni na je na faɗa masa dalili da bakina, nas ɗin nan tana tsaye tana ji. Ba ta ƙara ɗaga littafin kowa ba a gabana. Inna tana zuwa rijiya ta dawo ba ta tsaya ba.

Asabar ta farko bayan dawowarmu na je Dingaya da sassafe, na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ba ta karya ba. Na durƙusa na gaishe ta, na fara maganar da na kwana uku ina shiryawa. Ban kai ƙarshen jimlar farko ba ta juya wajen ƙanwata ta ce a duba ko Malam ya ci wani abu, hanya da nisa. Na gane ba za ta bari in faɗa ba, ba ranar ba, ba kuma wata rana ba. Har yau ban samu na nemi gafararta da baki ba.

Ƙanwata ta kawo na'urar, ta saka tsinken, ta tsaya tana dubana, sannan ta miƙo mini. Na matsa kusa na ce Inna ta kawo hannu. Ta miƙo na hagu tana kallon wani wajen, ta ba ni yatsu uku. Na tsakiyan, wanda ba shi da farce, ta naɗe shi cikin tafinta don kada in gani.